Land Cruiser ɗina ta ƙi tashi da safe, bakanike na so ya kwance injekta

Mai dankali, Bukuru:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin mota ku taimaka min. Land Cruiser 80 gare ni ta 1994, mai shan gas, injin 1HZ, da ita nake shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu sayen dankali, hanyar da take bi ƙaramar mota ba ta isa ba. Tun da sanyin nan ya shigo sai na yi ta kik da safe kafin ta kama, yau kuma kwana uku ta ƙi gaba ɗaya, kik ɗin na juyawa lafiya lau, farin hayaƙi na fita ta salansa yana warin ɗanyen gas amma ba ta tashi. Yaron da ya duba ya ce injekta ce, wato famfon da ke tura gas cikin injin, a kwance a kai gyara, kuɗin da ya faɗa wlh ba ni da shi yanzu. Me kuke gani?

Tsohon bakanike, Farin Gada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari a taɓa injektan nan tukuna. Ai hayaƙin da kake gani ya riga ya ba ka amsa, in da mai ba ya zuwa ba za ka ga komi a salansa ba, farin hayaƙi mai wari yana nufin gas na shiga amma ba ya ƙonewa, zafi ne babu. 1HZ ba ta son sanyi sam, sai hita ta ɗumama mata ciki take kamawa, kuma guda 6 ne, kowace silinda da nata. A zafi ko biyu sun mutu ba za ka sani ba, amma sanyin Jos na Disamba da Janairu shi ke tona musu asiri. Ka sa a cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, a ɗauko kwan gwaji, waya ɗaya a fulos na batir ɗaya a kan kowace hita, wadda kwan bai kama a kanta ba ta mutu. Sannan a murɗa ki a ga ko wuta na isowa ƙarfen ma, don wani lokaci hitocin lafiyarsu ƙalau, rile ne ko fis ya ƙone. Aikin minti ashirin ne.

Direban Gangare:
Oga a jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iyakilina, inda injin ke shaƙar iska, a yi kik, nan take za ta tashi, haka muke yi a tasha.

Tsohon bakanike, Farin Gada:
A'a ƙanena, kar ka koya masa wannan. Injin mai hita ne, fetur na iya kamawa tun fistin bai kai sama ba, ka ji ƙara kwas kwas kaman ana buga guduma, na sha buɗe injin da aka fasa wa ringi ta haka. Motar mutum ce da yake ci da iyali da ita.

Mai wayarin, Dilimi:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi ta ɓangarenmu. Kunne na ruɗi Alhaji, kik na iya juyawa ka ce lafiya alhali gudun bai kai ba, kuma injin gas sai da gudu yake samun zafi. A sa mita, batir mai kyau 12.6 yake nunawa a ajiye, in ana kik ya faɗo ƙasa da 10 to ya gaji ko kan batir ya yi gishiri, a kankare a ɗaure, a duba wayar as, wato ta negatif ɗin batir, da ke jikin bodi. Kuma ka daina riƙe ki fiye da sakan 15, ka bar kik ɗin ya huce, in ba haka ba shi ma za ka ƙona shi. Tunda a ƙauye kake shan gas na jarka, a buɗe ƙasan filta a tsiyaye ruwan da ya taru, a danna famfon hannu na samanta har ya yi tauri.

Mai dankali, Bukuru:
Baba Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. An gwada, huɗu cikin shida sun mutu, batir kuma 12.4 ya nuna, kan ya cika da gishiri an wanke. Na shiga Dilimi na sayo shidan duka aka ɗaura, yau bayan asuba na jira fitilar hita ta ɗauke, kik ɗaya ta tashi. Ruwa ma ya fito a filta kusan rabin kofin shayi. Sai dai har yanzu tana ɗan rawa da hayaƙi na kaman minti ɗaya kafin ta daidaita, wannan kuma matsala ce Baba?

Tsohon bakanike, Farin Gada:
Alhamdulillah. In hayaƙin na ɗaukewa da ta yi ɗumi ka ci gaba da aikinka. In ya kai ga tana yinsa har da rana, ka sa a cire nozul kaɗai, masu fesa gas cikin silinda, a gwada, kuma ka tambayi wanda ya sayar maka yaushe aka canja bel ɗin tayimin.