Shawarwarin masu katun kan motsin dabbobi

Masu katun sun tattauna yadda ake zana motsin dabbobi, kuma inda aka fi daɗewa a tattaunawar shi ne tafiya. Mai ƙafa huɗu yana ɗaga ƙafar baya ta hagu, sai ta gaba ta hagu, sannan na dama. Raƙumi kuwa ƙafafun gefe ɗaya kusan tare suke tafiya. In saurin jiki bai dace da faɗin taku ba, sai ka ga dabba tana sulɓi kamar a kan santsi.

Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa, amma zane 12 ya isa in an nuna kowanne sau biyu. Wurin gudu, kamar kura ta biyo barewa, a cika 24 ɗin, in ba haka ba motsin ya riƙa tsinkewa.

Abota kuwa kunne da wutsiya ke nuna ta, ba murmushin mutum ba.