Musayar Waƙa: Wa Ya Ci Muhawarar Vance da Walz?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Talata 1 ga Oktoba 2024 JD Vance (abokin takarar Donald Trump) da Tim Walz (abokin takarar Kamala Harris), masu neman kujerar mataimakin shugaban Amurka, suka kara a tashar CBS a New York. Kafafen labarai sun raba maki, mu ma mu raba namu a baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Salati ga Annabi gatan kowa.
Biyun dare ta buga a nan Garwa,
Mazan biyu suka soma fafatawa.
Tambayar farko kan Iran ce,
Da makaman da ta yi ta harbawa.
Walz ya daburce, ido ya firfito,
Vance kuwa zance yake ta zubawa.
Gari na wayewa masu sharhi da dama
Suka ce Vance ne gwanin tsarawa.
Ni ma da su nake, ban ɓoye ba,
Mai iya baki shi ke burgewa.

'Yar Marwa:
Yayana na Garwa, na ji batunka,
Amma ka tsallake wurin da ke da wuya.
Dab da rufewa Walz ya tambaye shi,
Trump ya faɗi a 2020, ko ƙarya?
Vance ya ce shi gaba yake dubawa,
Ba e, ba a'a, ya kauce hanya.
An far wa majalisa ran 6 ga Janairu,
Mun gani da ido, ba tatsuniya.
Masu sharhi na ta auna murmushi,
Da kyan kwat da sanyin murya.
Mu da muke jin ɗar in zaɓe ya matso,
Mun san abin da kan biyo baya.
Wanda ba zai ce na sha kaye ba,
Ba na ba shi maki don iya tsayuwa, yaya.

Baba na Gaundare:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki,
Furfurar nan ba a banza ta fito ba.
Mu ma a Kamaru mun ga Foncha mataimakin Ahidjo,
Kujerar mataimaki ba baƙuwarmu ce ba.
A muhawarar 1988 Bentsen ya dubi Quayle,
Ya ce masa kai ba ka kai Kennedy ba.
Jaridu suka ɗauki tafi da guɗa,
Har yau ba su daina maimaita ta ba.
Bush da Quayle suka kwashe jiha 40,
Tafin nan bai zama ƙuri'a ba.
A muhawarar 2020 ƙuda ya sauka a kan Pence,
Wajen minti biyu bai tashi ba.
Korona na ɗibar rayuka a ƙasar,
Amma ƙudan ba a bar zancensa ba.
Abin ya ba ni takaici ranar,
Na kashe rediyo, ban ƙarasa ji ba.

Ɗan Kusuri:
Baba, Allah ya ƙara girma,
Ga alƙaluman da suka fitar da kansu.
CBS ta tambayi masu kallo a daren,
42 cikin ɗari Vance ne gwaninsu.
41 suka ce Walz, 17 canjaras,
To ina kayen da ya cika bakinsu?
Kan 'yan Haiti na Springfield aka yi zafi,
Alƙaliya Margaret Brennan ta ce doka ta san da zamansu.
Vance ya ja da ita, aka kashe makirufo,
Duka biyun aka daina jin muryarsu.
'Yan Trump suka ce alƙalan sun yi son kai,
'Yan Harris suka ce gyara ai aikinsu.
Kowace tasha ta yanko minti ɗaya,
Ta ba masoyanta abin da ke ransu.

An yi musu tambaya kan guguwar Helene ma, amma washegari ba ita ta cika bakin masu sharhi ba. Mu da Logone ya ci gidaje da gonaki a Yagwa a 2024, wannan amsar muka fi so a baje mana.

Ɗan Garwa:
Ƙanwata, ba zan bar ki haka ba,
Naki gwanin ma ya yi tuntuɓe.
Ya ce yana Hong Kong ranar boren Tiananmen na Sin,
Aka binciko, zancen ya zube.
Da aka tsare shi ya yi ta kewaye,
Kafin ya ce harshensa ne ya suɓuce.

'Yar Marwa:
Yaya, amsa-amonka ya karye a ƙarshe, amma ga tawa.

Gaskiya ne, Walz ya faɗi ba daidai ba,
Ban wanke shi ba, ban ce ya kyauta ba.
Amma da aka matsa ya amsa nasa,
Naka gwanin har aka tashi bai amsa ba.
Kuskuren wata a tafiyar 1989,
Da ƙin sakamakon zaɓe ba ɗaya ba.
Ɗan jarida da ya auna su mudu guda,
Bai yi wa mai sauraro adalci ba.
Tunda kai ma ka hana ido barci,
Faɗa min: Trump ya faɗi ko bai faɗi ba?