Dan Allah ku ban shawara, rabon kaya kyauta yana kawo kwastoma ko kuwa asara ce kawai?

Maman Fauziya (Aboabo):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema gun masu sana'a da ke gidan nan. Ni shito nake yi, wato soyayyen yajin barkono da mai da kifi, a gida nan Aboabo a Kumasi, ina ɗurawa a kwalba, ƙarama sidi 30 babba sidi 70, ranar Juma'a kuma ina haɗa sobolo da burkina. Masu saye na yawanci 'yan unguwa ne da iyayen yaran da ke makarantar kwana, in lokacin komawa makaranta ya zo ba na zama, amma da zarar yara sun koma sai kasuwa ta kwanta. Toh ƙanwata ce ta matsa min wai in yi gibawe irin wanda 'yan mata ke yi a TikTok da Facebook, in ce duk wanda ya bi shafina ya kira mutum biyar ya yaɗa bidiyo zai iya cin babbar kwalba kyauta, wai mutum goma zan ba. Ni kuma da na lissafa kwalba goma sidi 700 kenan, ga mai ya yi tsada ga busasshen kifi da jatan lande ba a magana, jarin nawa ba wani mai yawa ba ne wlh. Waɗanda suka taɓa yi, ya kuka gani? Yana kawo mai saye na gaskiya ko masu son banza ne kawai za su cika min waya?

Hajiya Mai Waakye (Asawase):
Wa alaikumussalam ɗiyata. Ni ban san TikTok ba, jikata ce ma ke karanta min abinda kuke rubutawa, amma kyauta a sana'a na san ta tun kafin a canja kuɗi a 2007, lokacin muna ƙirga dubbai. Abinda ya riƙe min mutane gyara ne. Mutum ya sayi waakye na ƙara mai taliya ko ɗan wele, ko in ce yau ƙwan nan ba kuɗi ka kai wa yaro. Wanda na yi wa haka ya riga ya ciro kuɗi a aljihu ya ba ni, na san fuskar sa, gobe kuma shi zai jawo abokin aikin sa. Ke ma haka za ki yi. Kar ki ɗauki babbar kwalba ki ba wanda bai taɓa sayen na sidi ɗaya a hannun ki ba. Ki nemo ƙananan robobi irin wanda ake sa yaji a ciki, a Kejetia suna nan birjik, ki zuba cokali biyu biyu. Babbar kwalba guda sai ta cika miki robobi da yawa. Ki ba masu sayar da kenke da masu gari da wake da ke kusa da ke su riƙa ɗora wa kwastoma, ki kai gidan suna da gidan aure inda mata suke taruwa. Shito ba a ganin daɗin sa a hoto, sai an ɗanɗana. Kuma ki kawo min nawa in gwada, in ya yi min zan riƙa ɗauka a hannun ki don ƙafafu na sun daina jure tsayuwa a kan wuta.

Maman Fauziya:
Allah ya saka da alheri Mma, Allah ya ƙara lafiya. Insha Allah gobe bayan la'asar zan aiko Fauziya da shi.

Abdul Mai Waya (Adum):
Anti ni na yi irin wannan na follow da yaɗa bidiyo ɗin, iyafis da caja na raba. Mabiya sun ƙaru kam ba ƙarya, waya ta har zafi take, amma ana gama rabo suka watse, wasu ma ranar suka cire bin. Akwai mutanen da aikin su kenan, duk inda aka ce gibawe suna can, mutum ɗaya da akawun uku huɗu yana kiran kan sa da kan sa. Sannan abinda ban lissafa ba shine kuɗin aike, wanda ya ci yana Tamale ɗayan yana Kasoa, kuma sun ce tunda kyauta ce ni zan biya mota. Naki ma ya fi nawa wahala don kwalba ce da mai a ciki, ta fashe a hanya shikenan. In dai za ki yi ki rubuta ɓaro ɓaro cewa na 'yan Kumasi ne kawai kuma mutum zai zo ya karɓa da ƙafar sa.

Sister Rahi Collections:
Ni fa gaskiya ban yarda a ce baya aiki ba. Ni mayafi da abaya nake sayarwa, kafin ƙaramar sallah na yi layif na raba mayafi uku, wlh a satin nan na sayar da kayan da suka daɗe a shago, har daga Nima can Ankara (Accra) aka yi min oda. Mutane in ba su san kina nan ba ta ina za su saya? Talla dole sai an kashe mata kuɗi, ko rediyo kika je Zuria FM biya za ki yi.

Abdul Mai Waya:
Sista Rahi naki daban ne ai, abaya ido ke saye, kina ɗagawa a layif mutum ya ga kala ya ga ɗinki ya tambayi kuɗi. Kuma lokacin sallah ne kowa dama neman kaya yake. Ita Anti ta ce lokacin da kasuwa ta kwanta ne damuwar ta.

Sister Rahi Collections:
Eh da wannan kuma. Toh ta yi bidiyon suyan mana, yadda albasa ke narkewa a mai har ya koma baƙi, mata na son ganin tsafta. Ni in na ga kicin ɗin mutum fes sai na fi yarda da abincin sa.

Malam Sani:
Hajiya Allah ya sa albarka a nema. Abu biyu nake so ki kiyaye. Na farko, in kyautar ta zama sai mutum ya biya wani kuɗi na shiga sannan a jefa ƙuri'a wani ya ci sauran su tafi hannu banza, wannan caca ce ko da wane suna aka sa mata, ki nisance ta. Haka in kika ƙara kuɗin kwalba saboda za a yi rabo, kin ga kuɗin ƙuri'a kika karɓa a fakaice. Ko a dokar ƙasa ma irin wannan rabon na sa'a yana ƙarƙashin NLA ne, wato hukumar lotto ta ƙasa, dokar su ta 2006, shi ya sa manyan kamfanoni ke bi ta hannun su in za su yi. Amma ki ce duk wanda ya sayi manya biyu yana da ƙarama ɗaya kyauta, kowa ya san abinda zai samu kafin ya biya, wannan ba komai, ihsani ne a ciniki. Na biyu, abinda kika yi alkawari ki cika shi. Ana yawan yin sanarwa sannan a zagaya a ba ƙanwa ko ƙawa a ce ita ta ci, zango kuma ƙarami ne, magana ba ta ɓuya.

Maman Fauziya:
Na gode Malam, wlh ban ma kai tunani na can ba. To wannan na saye biyu a samu ɗaya, ba zai cinye ribar ba? Tsoro na kenan.

Yaya Bashiru:
Ƙanwata kina lissafi da kuɗin da kike sayarwa ne, ki yi da kuɗin da kika kashe. Ki zauna da biro ki rubuta mai, barkono, albasa, citta, kifi, jatan lande, gawayi ko gas, kwalba da murfi, sitika, har kuɗin pragya (keke mai ƙafa uku) zuwa kasuwa ki dawo, ki raba da yawan kwalaben da tukunya ɗaya ke fitarwa. Misali ace babba tana cin miki 50 ƙarama 20, mutum ya sayi manya biyu ribar ki 40, kin ba shi ƙarama saura 20 a hannun ki. Kin ga rabin riba ya tafi, don haka kar ki mayar da shi na kullum, ki sa mai lokaci ki faɗi ranar da zai ƙare, in ba haka ba mutane za su saba su daina saye sai kin ce akwai kyauta. Ni da zan zaɓa miki ma ga wanda ya fi sauƙi: duk wanda ya dawo miki da kwalba biyar wankakku ki ba shi ƙarama ɗaya. Kin rage sayen kwalba, kuma mutum ba zai tara biyar ba sai ya saya sau biyar. Sannan duk robar ɗanɗano da za ta fita ki manna lambar ki a jiki, mutum ya ci ya ji daɗi bai san inda zai same ki ba kin yi sadaka ne kawai. In kina da burin kaiwa manyan shaguna nan gaba ki fara tambayar yadda ake rajista da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ofishin su na nan Kumasi, don shagunan za su tambaye ki lambar rajista.

Ummu Khadija:
Ƙari a kan na Yaya Bashiru, tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 yaran zango da ke makarantar kwana sun yi yawa, kuma kowane akwati sai da gari da suga da shito. Iyayen nan suna da guruf na WhatsApp na kowace makaranta. Ki samu uwa ɗaya a ciki ki ce duk wadda ta kawo miki mutum uku ta ɗanta kyauta ce. Ranar ziyara ma ana kai shito ba sai farkon zangon karatu ba, nan ne za ki cike giɓin da kike kuka da shi.

Hajiya Zee (Sawaba):
Dan Allah duk wanda za ki yi ki kula da 'yan damfarar momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. Ana sanar da rabo suke bin komen suna kwashe lambobin mutane, sai su kira su ce kin ci kyautar Maman Fauziya turo kuɗin aike ko ki danna lambar sirrin ki. An yi wa maƙwabciya ta haka da sunan wata mai sayar da turare, har yau matar nan ake zagi alhali ba ta san komai ba. Kar ki ce mutane su ajiye lamba a fili, kuma ki faɗa da bakin ki a bidiyo cewa ba kya karɓar ko pesuwa ɗaya a kan kyauta.

Maman Fauziya:
Allah ya bar zumunci 'yan uwa, na karanta duka har na tura wa ƙanwar tawa. Na fasa manyan goman nan. Zan fara da robobin ɗanɗano da na dawo da kwalba, bidiyon suya kuma ita za ta ɗauka tunda ita ce gwanar waya. Yaya Bashiru ina ake buga sitika mai araha, kuma suna yarda su yi kaɗan ko sai da yawa?

Yaya Bashiru:
Ki je Asafo wajen masu firintin, suna yi ko takarda ɗaya ce su yanka miki. Ki ce wadda ruwa baya ɓatawa kike so, don mai yana cinye rubutun ta takarda.