Wace irin ciyawa ce ke yawo a tekun Tema?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu aikin ruwa ku taimaka min. Na bi wani abokina masunci muka fita daga Tema, garin bakin teku a Ghana, da asuba, mun yi nisa har gari ya ɓace mana sai ga wata ciyawa ruwan ƙasa ta shimfiɗu a kan ruwa kamar tabarma, da wasu 'yan ƙwallaye a jikinta in ka matsa sai su fashe. Cikinta kuwa ledar fiya wata ce da robobi da warin silifas har da tsumma. Abin da ya tsaya min a rai kunkurun teku ne da na gani yana ta cizon wata farar leda. Wace ciyawa ce wannan, kuma me ya kai shi cin leda?

Mai Farfela:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sargasum ake ce mata, ba ta da saiwa a ƙasa, ƙwallayen nan iska ce a ciki shi ya sa ba ta nutsewa. Tun 2011 ta fara zuwa da yawa haka, daga Saliyo har Najeriya kowa kuka yake, ka jefa raga ka jawo da ƙyar kana murna ashe ciyawa ce zalla, ga ta naɗe farfela, in ta ruɓe a gaɓa kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Amma fa ƙananan kifaye da kaguwa a ƙarƙashinta suke fakewa, shi ne kunkuru ke biyo ta.

Maman Nana:
Tsumman nan Malam gwanjo ne wallahi, wanda ya ƙi sayuwa a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Ruwan sama ya kwaso shi ta kogin Odaw ya zuba a tafkin Korle sai teku. Je ka gaɓar unguwar Jamestown a Accra ka ga yadda ya kanannaɗe cikin yashi, abin tausayi.

Baban Khalifa:
Akwai wata halitta mai yauƙi fara-fara da kunkuru ke ci, leda in tana lilo cikin ruwa sak ita, ya haɗiye ta toshe masa hanji ya mutu da yunwa. Don Allah in kun sake fita ku tafi da buhu ku riƙa tsamo abin da hannu ya kai, musamman tsohuwar raga, ita ta fi kisa. Kuma Ɗan Zango ka koma tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin manyan kifayen wel ke zuwa haihuwa a yankin nan, ka ce wa abokinka ya rage gudu in ya hango feshinsu.