Miyar pozole ta kaza: yadda ta kaya mana a gida

Mai tambaya, daga birnin Houston na Amurka: Assalamu alaikum. Maƙwabciyata 'yar jihar Jalisco ce ta ƙasar Meksiko, kuma a daren 15 ga Satumba, lokacin bikin 'yancin kansu, ta aiko mana da pozole, wata miyarsu ta masara da nama, bayan ta tabbatar mini cewa da kaza ta dafa, domin ta san ba ma cin naman aladen da aka fi yin miyar da shi. Na gwada da busasshiyar farar masara, awa 4 tukunya na kan wuta, amma ƙwayar ta ƙi nuna. Ina na kuskure?

Amsa ta farko: Wa'alaikumussalam, Yaya. Ni ma haka ta faru da ni. Masarar da ake yin pozole da ita, wadda 'yan Meksiko suke kira cacahuazintle, mai manyan ƙwayoyi ce, kuma sai an fara tafasa ta da farar ƙasar girki da suke kira cal, kimanin giram 10 ga kilo 1. Nakan bar ta ta kwana a ruwan, da safe in murje da hannu har ɓawon ya sulluɓe, in ɗauraye sau da yawa. Aikin da ya fi cin rai shi ne cire ɗan kan da ke gindin kowace ƙwaya, amma shi ne ke sa ta buɗe kamar fure a tukunya. Ranar da na ga ta buɗe, sai na tuna yadda kanwa ke saukar da taurin wake. Gishiri kuwa ba na sa shi sai bayan ta buɗe.

Amsa ta biyu: Hajiya, ni ta gwangwani nake saye, wadda an riga an gyara, in ɗauraye ta sosai. Inda na sha wahala shi ne barkono. Jar pozole da busasshen guajillo da ancho ake yin ta, kuma launi da ƙamshi suke bayarwa fiye da yaji. A karon farko na bar su a kasko har suka yi baƙi, miyar duka ta yi ɗaci. Yanzu da ƙamshi ya tashi nake saukewa, in jiƙa a ruwan zafi, in markaɗa da tafarnuwa, in tace.

Amsa ta uku: Ni koriyar pozole na fi so, irin ta jihar Guerrero, inda aka saba shan ta ranar Alhamis, ana yin ta da tomatillo, wani abu mai kama da koren tumatir, da 'ya'yan kabewa, waɗanda ke kaurara romo kamar agushi. Kada ki zuba kazar tun farko, Yaya, domin tawa ta narke kafin masarar ta nuna. Ki dafa ta daban, ki yayyage tsokar, ki juye romon a kan masarar, sannan kowa ya zuba kabeji, albasa, radish (wata saiwa mai ɗan yaji), ganyen ƙamshi na oregano da lemun tsami a kwanonsa.