Kalmar thug: ɗan daba za mu ce ko ɗan banga?

Jama'a, ina so mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar thug. Jiya da rana na ji wata tasha ta ce "'yan banga", da yamma wata ta ce "'yan daba", alhali labari ɗaya suke bayarwa.

Kalmar ma ba ta Turawa ba ce tun asali. Daga Indiya ta fito, daga thag a harshen Hindi, wato mayaudari. Wasu gungu ne da ke shiga ayarin matafiya, a kwana a tashi tare, a ci abinci tare, sai an saki jiki da su su shaƙe mutum da ƙyalle, su kwashe kayansa. Turawan Ingila suka ɗora wa wani jami'insu, William Sleeman, aikin farautarsu, har aka kafa musu doka a 1836. Da kalmar ta shiga bakin Bature sai ta bar yaudarar a baya, ta koma sunan mai ƙarfin tuwo da ta'asa a fili.

Ni dai ɗan daba na zaɓa. Daba matattara ce, kuma a Kano tana da alaƙa da 'yan farauta da 'yan tauri. Na tashi ina ganin irinta a lungunmu: kango ba rufi, benci ɗaya, gora jingine da bango, wuƙa soke a ƙugu. Da magariba ta yi, babu uwar da ke aiken ɗanta ta wajen. Wannan tsoron shi ne abin da thug ke ɗauke da shi a yau.

Ɗan banga kuwa, ana danganta shi da kalmar Turanci vanguard, wato matasan jam'iyyu na zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950. Amma yanzu a ƙauyukan Katsina da Zamfara, ɗan banga shi ne mai hana idonsa barci yana gadin gari. Ba adalci ba ne a haɗa shi suna da mai saran mutane. In na siyasa ake nufi, a faɗi ɗan bangar siyasa gaba ɗaya, ko ɗan jagaliya.

Sauran sunayen 'yan daba kuwa, kalare na Gombe ne, sara-suka na Bauchi, 'yan shila na Yola, kowanne a bar shi a garinsu.

'Yan'uwa na Damagaram, ku da ke kiran irin wannan matattara ta matasa palais, in aka ce ɗan daba a rediyo, tsohuwa a can za ta gane wanda ake nufi?