Wane suna za mu ba ADHD da Hausa?

'Yan uwa, ku zo mu tsayar da sunan wannan larura da ake kira ADHD da Turanci, wadda ke sa yaro ya kasa tattara hankali, ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa aikatawa kafin tunani. Likita a asibitin koyarwa na Shika zai yi wa iyaye bayani, amma da sun koma gida, kakar yaro ta tambaya me aka ce, sai a rasa kalma. Ita kuwa ta yanke hukunci: rashin ji ne kawai.

Wasu sun kawo "ƙiriniya", wasu "rawar kai". Ƙiriniya kowane yaro mai lafiya yana yi. "Rashin ji" da "kangara" kuwa ban yarda da su ba sam, domin suna ɗora wa yaro laifi, kuma bulala ce ke biyo bayansu.

Ku lura da yaron da aka aika ya sayo magi a shagon bakin layi a Tudun Wada. Ya fita da niyya, ya ga masu ƙwallo, ya tsaya, ya dawo da kuɗin a hannu ya manta aiken. A Islamiyya yana amsa tambaya tun malam bai ƙarasa ba, ƙafarsa na ta motsi a kan tabarma. Bai ƙi umarni ba, riƙe shi ne ya gagara. Wanda ya bijire ya ji sarai, ya ce ba zai yi ba. Likitoci suna ɗaukar bijirewa mai tsanani a matsayin larura ta daban, kodayake sau da yawa sukan haɗu a yaro ɗaya, kuma duka da zagi na kullum suna ƙara tura shi can.

ADHD ba sabon abu ba ne. Tun 1902 likitan yara George Still ya bayyana irin waɗannan yara a Ingila. Kusan 5 cikin 100 na yaran duniya suna da ita, gado na da hannu sosai, kuma sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, a wurare biyu ko fiye kamar gida da makaranta, ake tabbatar da ita.

Ni na zaɓi "larurar rashin natsuwa da garaje". Natsuwa ta haɗa zaman jiki da tattara hankali, har ta kama yarinyar nan mai shiru da hankalinta ke tafiya a aji ana ce mata sakarya. Garaje kuma shi ne aikatawa kafin tunani. A bakin yau da kullum "larurar rashin natsuwa" ta wadatar.

Malaman Hausa na Samaru da likitocin yara, ku duba mana ko "garaje" ta zauna daidai.